Hannun Baba da ruwan baba

Har aka yi masa wanka aka sa shi a likkafani, shuɗin hannun mahaifina bai fita ba. Masu wankan sun cuɗa sun cuɗa, sai wani dattijo a cikinsu ya ce su bari haka, abin da ya shekara hamsin yana shiga fata sabulu ba zai fitar da shi yau ba. Damina uku ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa ya sa Aljanna makoma. Ni ne babban ɗansa, ni aka bar wa karofinmu na nan Kura, da ɗakin bugu, da mutanen da ke cin abinci a ƙarƙashinsu.

Da yake ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba. "Kai, yaron nan," shi ke nan, har na yi furfura. Ina ɗan shekara bakwai ya fara aza mini kwandon toka, na shekara biyar ban taɓa mayafin kowa ba, sai ɗebo ruwa da riƙe muciya. Shi haɗa rijiya ba a koyar da shi da baki. Za ka zuba ruwa, ka zuba busasshen ganyen baba, ka kawo toka da ƙonannen katsi, wato laka da ke kwantawa a ƙasan rijiyar rini, ka rufe, sannan kullum ka zo ka motsa har kumfa ta taso tana wani ja-ja kamar wuyan tantabara. Wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ranar da ruwan ya nuna. Baba zai durƙusa ya shinshina, ya tsoma yatsa ya ɗan taɓa a harshe, ya ce a ƙara mata kwana biyu. Idan ya ce biyu, to biyun ne. Kana tsamo zane ka gan shi kore, iska na bugunsa yana rikiɗewa shuɗi a idonka, ka mayar, ka tsamo, ka mayar, har ya yi baƙi wuluk.

Sau ɗaya na yi masa wayo. Ya tafi Kano, mai kaya na matsa mini, sai na sayo kalar kanti da soda na zuba a ɓoye. Da ya dawo ya ɗaga zanen sau ɗaya, bai ce uffan ba. Ya kai wa Inna ya ce ta wanke, ya shanya shi a ƙofar zaure, fari-fari kamar an yi masa kuturta, ya kwana uku a nan duk mai wucewa yana gani. Da bulala ya yi mini da ta fi sauƙi.

Abin da aka san garinmu da shi turkuɗi ne, wanda ake ce wa ɗan Kura. Saƙa ce siririya, faɗin kowace ƙyalle bai wuce yatsa ba, a ɗinke su ɗaya bayan ɗaya, a rina, sannan a kai ɗakin bugu. A shimfiɗa a kan gungume, a shafa shuni da ɗan maiƙo, ƙarti su zauna suna dukansa da gudumar itace, sautin na tashi kamar kiɗa, har ya ɗauki ƙyalli ka ga kamar ƙarfe. A naɗe a takarda. Ba a wanke shi, kuma shuɗin da yake bari a goshi da kumatu shi Buzu yake biya. Yanzu wasu sai su yanko yadin inji, su tsoma a kala rabin sa'a, su goga masa abin sheƙi su ce ɗan Kura ne. Wata biyu ya koɗe. A rina! Mai saye kuma ya zo mini yana cewa can ya ga irinsa a rabin kuɗi. Nakan ce, Alhaji, shinshina wannan, ka je ka shinshina wancan. Araha dai ba ta ado.

Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya iso gonakin Kura da Kadawa, marina da yawa suka bar rijiyoyinsu suka koma shinkafa da alkama da tumatir. Ban ga laifinsu ba. Baba ma ya yi noman rani, amma don gida kawai. Ƙa'idarsa ita ce ba ya sayen baba sai rumbu ya cika. Mata biyu, mu goma sha ɗaya, ga marayun ƙaninsa huɗu, kuma baƙo bai isa ya ware ɗan gida da maraya ba, akushi ɗaya muke sa hannu da shi bayan magariba. Duk 'yar da za a kai ɗaki, zanenta na farko da hannunsa yake rinawa, ba ya bar wa yara.

A shekarar fari ta 1984 Buzayen da ke saye a wurinsa suka gangaro daga Agadas ba raƙumi ba akuya, da bashinsa a kansu. Ya buɗe musu zaure, ya sayar da babur ɗinsa ya ƙaro gero, ko sau ɗaya bai ɗauko littafin bashi ba. Da aka karya darajar sefa a 1994 ciniki ya sake tsayawa, haka da aka rufe iyaka a 2019, amma bai sallami mai bugu ko ɗaya ba. Ranar sadakar bakwai ɗinsa wani Buzu ya iso da ƙurar hanya a jikinsa, ya zauna ya yi addu'a, ya kwance bakin rawani ya ajiye mini kuɗi. Ya ce bashin mahaifinsa ne na shekarar fari, tsohon ya bar wasiyya. Na duba littafin, Baba ya riga ya soke layin da alƙalami.

'Ya'yan waɗannan mutane su ne masu sayenmu har gobe. Rijiya shida muke haɗawa yanzu, duk da ganyen baba, kuma masu son na bikin Biyanu na Agadas ko na hawan Sallah sun san sai su yi magana wata biyu kafin lokaci. Wanda ya ce jibi yake so, ina nuna masa hanyar masu kala.