Zagaya Tsibirin Aislan da Motar Haya

Direban da ya saba da titin Bauchi zuwa Gombe, idan aka ce masa babban titin da ya zagaye ƙasar Aislan bai kai kilomita 1,400 ba, zai ce ai aikin kwana biyu ne, kamar dai a je Gombe a dawo sau huɗu da ɗoriya. A lissafin takarda haka ne. Amma wanda ya ware ƙasa da kwana bakwai zai dawo bai ga komai ba sai gilashin mota, kuma kwana goma ya fi, domin a can iska ce ke tsara tafiya. Duk shirin da bai bar rarar kwana ɗaya ko biyu saboda rufe hanya ba, da gyara a cikinsa.

Aislan tana cikin yankin Shengen duk da cewa ba ta cikin Tarayyar Turai, don haka mai fasfon Najeriya sai da bizar Shengen da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Jirgi yana sauka a Keflavik, kimanin kilomita 50 daga babban birni Reykjavik, kuma a nan ake karɓar mota. Yawancin kamfanonin haya suna son lasisin da ya shekara ɗaya a hannun mai shi, rubuce da haruffan boko, da katin banki mai sunan direban. Tuƙin hannun dama suke yi irin namu, to wannan ba abin damuwa ba ne. Sai dai a duba takardar haya da kyau, motoci masu arha da yawa giyar hannu ce.

Lokacin da ya dace da baƙo shi ne raninsu, wato daga Yuni zuwa farkon Satumba. A watan Yuni rana kan yi sama da awa 20 a waje, a Disamba kuwa hasken bai wuce awa huɗu zuwa biyar ba, ga ƙanƙara shimfiɗe a kan kwalta. Wanda bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba, kada ya fara koyo a can da iyalinsa a baya.

Babban titin, mai lamba 1, kwalta ce, kuma da rani ƙaramar mota ta isa. Hanyoyin da lambarsu ta fara da harafin F su ne na tsakiyar tsibirin, ba a buɗe su sai da rani, kuma doka ta ce sai mota mai jan ƙafa huɗu. Wasunsu sai an tsallaka kogi, ga shi inshorar haya ta yau da kullum ba ta biyan injin da ya sha ruwa. Ni dai shawarata ga mai zuwan fari ya bar su gaba ɗaya. Inshorar tsakuwa kuwa a saya, domin motar da ta wuce ka a kan burji tana iya harbo dutse ya tsaga gilashin gaba. Haka ma ta yashi da toka, musamman saboda kudancin ƙasar, inda iska ke kwasar baƙin yashi ta kankare fentin mota ta dusashe fitilu. Ba irin hazon hunturunmu ba ne da ake sharewa da tsumma, wannan gari ne na ƙonannen dutse mai kaifi.

Ɓarnar da baƙi suka fi yi ita ce ta ƙofa. Mutum ya tsaya, ya buɗe ƙofa da hannu ɗaya yana neman waya da ɗayan, sai iska ta fizge ta ta lanƙwasa maƙalarta. Galibi inshora ba ta ɗaukar wannan. Maganinsa a ajiye mota tana fuskantar iska, a riƙe ƙofa da hannu biyu, a fita ɗaya bayan ɗaya, yara kuma kada su buɗe da kansu. Kowace safiya kafin a tayar da mota a duba shafin vedur.is na hukumar yanayi da umferdin.is na hukumar hanyoyi. Da mita a daƙiƙa suke auna iska, abin da ke ruɗar baƙo ke nan: 15 yana nufin kilomita 54 a awa, 20 kuma kilomita 72. Idan ta kai 20, mota mai tsayi irin wadda ake kwana a ciki tana iya barin hannunta. Gargaɗinsu kala uku ne, rawaya, ruwan lemo da ja. An ga ruwan lemo, a zauna a masauki. Lambar gaggawa 112.

Iyakar gudu kilomita 90 ne a kwalta, 80 a burji, 50 a cikin gari. Akwai kyamarori, tarar tana da nauyi, kuma babu wanda za a roƙa a bakin hanya. Fitilun gaba a kunne suke dare da rana, kowa kuma da bel har na kujerar baya. Allon da aka rubuta Einbreið brú yana nufin gada mai cin mota ɗaya, wanda ya fi kusa da ita shi ke fara shiga. Malbik endar kuma kwalta ta ƙare ke nan. A sassauta totur tun kafin taya ta taɓa tsakuwa, domin taka birki a kanta shi ke juya mota. Tumaki suna yawo sake duk rani. Wannan mun san shi a hanyar Darazo ko Alkaleri: in ka ga tunkiya a gefe ɗaya, ɗanta a ɗaya gefen, to zai ruga wajen uwar. Titin ba shi da kafaɗa mai faɗi, saboda haka ba a tsayawa ɗaukar hoto sai a wurin da aka ware. Sauka daga titi a bi fili da mota laifi ne babba, domin gansakukar da ta rufe tsohon dutsen tana ɗaukar shekaru da dama kafin ta farfaɗo.

Mafi yawan matafiya ta kudu suke farawa. Ranar farko Thingvellir, inda aka kafa majalisar ƙasar a shekarar 930, kuma inda ƙasa ta tsage saboda manyan ɓangarorin ɓawon ƙasa biyu, farantin Amurka ta Arewa da na Turai da Asiya, suna rabuwa da kimanin santimita 2 a shekara. Wannan rabuwa ita ce tushen aman wutar tsibirin, daga dutsen Eyjafjallajökull da tokarsa ta tsayar da jiragen Turai a 2010 har zuwa yankin Reykjanes da ya farka a 2021. Daga nan sai Geysir, inda ramin Strokkur ke feso tafasasshen ruwa sama duk bayan minti biyar zuwa goma, sai magangarar ruwa ta Gullfoss mai hawa biyu. Wanda ya san Wikki a Yankari, mai ɗumin digiri 31, kada ya yi zaton irinsa ne. Ruwan nan yana kusan digiri 100, kuma ƙasar gefensa ɓawo ce da ƙafa ke iya burmawa. Ba a tsallaka igiyar da aka kewaye wurin da ita.

Gaba akwai magangarar ruwa ta Seljalandsfoss da ake zagayawa ta bayanta, da ta Skógafoss, kowacce tsayinta mita 60. Kusa da garin Vik akwai gaɓar Reynisfjara mai baƙin yashi, wurin da ya kamata a fi jin tsoro a tafiyar duka. Teku takan yi lamo, sai igiyar ruwa ɗaya ta taso ta wuce inda sauran suka tsaya ta ja mutum, kuma ta ci rayuka. A bi fitilar gargaɗin da ke bakin wurin, kada a juya wa ruwan baya, yaro kuma a riƙe hannunsa.

Daga Vik zuwa Höfn kimanin kilomita 270 ne a gindin Vatnajökull, ƙanƙarar da ta rufe kusan kashi 8 cikin 100 na ƙasar. A nan tafkin Jökulsárlón yake, da ɓaraguzan ƙanƙara masu girman ɗaki suna yawo a kansa. Ba a hawa kansu, kifewa suke yi. A gabas, taswirar waya za ta ba da ratse ta hanya mai lamba 939, wato Öxi, don a rage nisa zuwa Egilsstadir. Burji ce mai gangare da yawan hazo, gara a zauna a kan lamba 1. A arewa, magangarar ruwa ta Dettifoss tana da hanyoyi biyu, 862 ta yamma kwalta, 864 ta gabas burji mai gargada. Sai tafkin Myvatn da taɓon Hverir mai tafasa da warin farar wuta. Dab da garin Akureyri akwai ramin da aka fasa cikin dutse titi ya ratsa, mai kuɗin wucewa. Babu shinge ko mai karɓa, ta intanet ake biya, in an manta kamfanin haya ya cira da ƙari.

Gidajen mai da yawa babu ma'aikaci, sai kati mai lambar sirri, kuma na'urar takan riƙe kuɗi fiye da abin da aka sha na ɗan lokaci. Tunda katunanmu kan ƙi aiki a waje, a sayi katin mai na N1 ko makamancinsa a ajiye. A gabas da arewa maso gabas kada tanki ya sauka ƙasa da rabi. A kuma tabbatar ko motar fetur take sha ko dizal kafin a ɗaga tiyo.

Abinci a gidan cin abinci tsada ne, cefane a Bónus ko Krónan ya fi sauƙi. Ruwan famfo mai sanyi ana sha. Tsiran-alade da ake sayarwa cikin burodi a gidajen mai, wanda suke kira pylsa, galibi da naman alade a haɗinsa, kifi ya fi kwanciyar hankali. Alƙibla daga can gabas ce da ta karkata kudu, saɓanin tamu ta Bauchi da ke karkata arewa. Batun lokutan salla kuma a tambayi malami tun a gida, domin a tsakiyar rani shafaƙi ba ya ɓuya, sai an ƙaddara Isha'i da Asuba. Masu motar kwana dole su kwana a sansanin da aka ware, masu neman ɗaki kuma su kama tun watanni kafin tafiya, don ƙauyukan gabas ƙanana ne.

Ranar karɓar mota a ɗauki bidiyon jikinta duka, har gilashi da tayoyi, a gaban ma'aikacin. Ranar mayarwa a cika tanki a Keflavik, a sake ɗauka, a karɓi takardar da ta nuna an karɓe ta lafiya kafin a shiga filin jirgi.