Kafin ka danna Y

Ranar Asabar na tarar da ɗan yayata da laftof a cinya, yana kallon bidiyo a waya yana kwafe umarni zuwa baƙin allo. Da na leƙa sai na ga ya rubuta sudo apt remove python3. Wato umarnin cire Python, harshen rubuta manhaja da ya zo da tsarin kwamfutar. Wai ta tsufa, sabuwa yake so. Ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba.

"Kawu, lafiya?"

Lafiya lau, sai dai ramin da na rufta a 2010 ne yake shirin ruftawa.

A lokacin Ubuntu 10.04 ce a kwamfutata, wato wani nau'in Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, daga faifan da kamfanin Canonical ke aikowa kyauta ta gidan waya, kafin a daina a 2011. Faifan nan ya sa min girman kai ba kaɗan ba. Duk wanda na gani da Windows sai na yi masa wa'azin manhaja mai 'yanci, ina ambaton Linus Torvalds, wanda ya fara Linux a 1991, kamar tare muka yi aikin. Ana nan sai aikina na kammala karatu ya buƙaci wata Python daban. Na ce ai da sauƙi, a fitar da tsohuwa a sa sabuwa. Na ba apt-get (wato apt) umarni, ya zubo min jerin sunaye har suka cika allo, ya tambaya ko ya ci gaba. Na danna Y, wato eh. Ko layi ɗaya ban karanta ba.

Abin da ban gane ba shi ne, apt kamar mai kula da sito yake. Shi ke ɗauko manhaja daga rumbu, kuma yana riƙe da lissafin wacce ta jingina da wacce. In ka ce ya cire ginshiƙi, duk abin da ke kansa zai sauke, amma sai ya nuna maka tukuna. Jerin nan da na ƙi karantawa shi ne gargaɗin. Da na sake kunna kwamfutar, babu tagogi, babu abin dannawa, sai baƙin allo yana jiran suna.

Ina da uzuri fa. Data a lokacin tsada gare ta, modem ɗina sai ya ga dama, bayani duk da Turanci, kuma babu wanda zan tambaya a unguwarmu. To amma akwai wani malami a sashenmu da ya san abin. Kunya ta hana ni zuwa, ni da na gama cika baki. Maimakon haka na mayar da faifan, na zaɓi a goge komai a saka sabuwa. Babi uku na aikina suka tafi, ba kwafi ko'ina. Daga baya na ji cewa sake saka ubuntu-desktop, ƙunshin manhajojin tagogin, kawai zai iya dawo da su, fayilolina kuwa kafin na goge suna nan ba abin da ya taɓa su. Har yau in na tuna sai cikina ya juya.

Na so in jero wa yaron shawarwari goma, amma biyu ko uku suka fito. Ka karanta abin da apt ya ce zai cire kafin ka amsa. Python ɗin da ta zo da tsarin ba taka ba ce, ka bar ta, ka saka wata a gefe. Kada ka rubuta sudo, kalmar da ke ba umarni cikakken iko a kan kwamfuta, a gaban umarnin da ba ka fahimta ba. Ko da yake, in gaskiya za a faɗa, ni ban fahimci komai ba sai da na lalata. To ka lalata, amma ka kwashe fayilolinka a filas tukuna.

Abin da ke ba ni haushi da yaran yanzu, komai na hannunku, amma layi biyar sun fi ƙarfinku. Na tambaye shi bambancin update da upgrade a umarnin apt, ya yi shiru. Na ce na farko jerin kaya kawai yake sabuntawa, na biyu ne ke sauko da kayan.

Ya gyaɗa kai, ya goge umarnin, sannan ya ce, "Kawu, babu bidiyon da ya yi bayanin nan a taƙaice?"