Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Darar Ulf Andersson

Makon jiya na tsaya a inda malaminmu na lissafi ya fara koya mana darar ces bayan la'asar. Dukanmu samari ne, kowa hari yake so, a jefar da doki a murƙushe sarki nan take. Wata rana Malam ya miƙo min wasannin da ya kwafa da hannunsa, ya ce, "Ɗana, zauna da wannan mutumin, ka ga yadda ake cin wasa ba hayaniya."

Ulf Andersson ke nan, ɗan ƙasar Suwidin, haifaffen garin Västerås a 1951. Ya zama zakaran ƙasarsa a 1969, ya kai matsayin girandmasta, babban muƙamin ƙwararrun ces, a 1972, har ya taɓa zama na huɗu a duniya.

Da wuri yake musayar sarauniya, allo ya yi fili. Sai ya toshe duk hanyar da abokin karawarsa yake shirin bi, tun mutumin bai taka ta ba. Daga nan ya kama ɗan fifikon da ido bai cika gani ba, soja guda maras kariya ko doki da ya fi na wancan mazauni, ya yi ta matsawa sa'o'i har mutum ya gaji ya miƙa wuya.

Wasan da na fi maimaitawa shi ne na birnin Milan na Italiya a 1975. Da baƙaƙe ya buga, ya jera sojojinsa a baya cikin tsarin kariyar da ake kira bushiya, ya ƙyale Anatoly Karpov ya mamaye fili, sannan ya fasa tsakiya. Wannan ne karon farko da aka ci Karpov tun da ya zama zakaran duniya. A 1982 su biyun suka raba matsayi na ɗaya a Landan, a 1984 kuma Andersson ne ya zauna allo na farko, wato kan gaba a tawaga, lokacin da tawagar sauran ƙasashen duniya ta kara da ta Tarayyar Sobiyet.

Abokaina sukan ce canjaras ɗinsa ya yi yawa. Gaskiya ne, amma ban taɓa yarda rashin zuciya ba ne; mutum ne da ba ya yarda ya ba da abin da ba a ƙwata ba. Da salonsa na shiga gasata ta farko a Kaduna, labarin da zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.