Godiya ga duk wanda ya halarci taron tunawa da Baba Samanja

Assalamu alaikum. A madadin 'yan kwamitinmu na unguwa, ina miƙa godiya ga iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu da suka amsa gayyata ranar Asabar, muka taru muka yi wa marigayi Alhaji Usman Baba Pategi (ɗan wasan kwaikwayon nan da aka fi sani da Samanja) addu'a, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba, 2023.

Allah Ya saka wa Malam Liman da alheri, shi ya buɗe taro kuma ya rufe. Iyayenmu mata da suka kawo kunu da ƙosai ba wanda ya roƙe su, mun gode. Matasan da suka ɗauko benci da tabarmi, da wanda ya ba da janareto har da mai, Allah Ya yi muku albarka.

Amma godiya ta musamman ga baban nan namu da ya buɗe akwatinsa ya fito da tsofaffin kaset na Samanja Mazan Fama. Hoton yana rawa, sauti na shaƙewa, sai da aka goge kan bidiyon da auduga kafin ya yarda ya nuna. Duk da haka, Samanja na buɗe baki da Hausar nan tasa ta bariki, mace ta koma namiji, namiji ya koma mace, wuri ya kaure da dariya. Yaran da aka haifa zamanin TikTok ma har da riƙe ciki.

Tsofaffin sojojin da suka zauna a sahun gaba kuwa, dariyarsu daban ce. Sun san wannan tsawar, sun ci ta a fareti. Ai Baba ba kwaikwayon soja yake yi ba, ya sa kaki da gaske tun lokacin yaƙin basasa. Ɗan gidan sarautar Pategi ne, Banufe daga jihar Kwara, amma ta rediyo da talabijin na Kaduna ya shiga kowane gida a Arewa. A zamanin da farar hula ke canja hanya in ya hango soja, shi ya nuna mana cewa mai tsawar nan a gida miji ne da albashi ke ƙare wa kafin wata ya mutu, kuma matarsa ba ta shakkar igiyarsa. A ganina wannan aikin ya fi ban dariyar girma, ko da yake ba kasafai ake faɗa ba.

Roƙo ɗaya ya rage. Kaset ɗin nan suna lalacewa, biyu daga ciki sun riga sun ci. Duk mai wani a ajiye, ya taimaka ya sanar da kwamiti a kwafe shi a kwamfuta, za a mayar masa da kayansa lafiya.

Wanda muka manta ba mu ambata ba, a yi mana afuwa. Allah Ya jiƙan Baba Samanja, Ya kyauta namu ƙarshen.