Ƙurar Hanyar Damagaram da Robar Ƙofar Motata

Shekaranjiya da daddare muka shigo Kano daga Agadas, ni da ƙanena, kuma har yanzu gajiyar hanya ba ta sake ni ba. Ɗaurin auren ɗan kawunmu ne ya kai mu. Da Corollata 'yar Kwatano muka tafi, a tsakiyar hunturu, lokacin da hazo kan rufe rana har mutum ya iya kallonta ido da ido.

Daga Kano zuwa Kazaure zuwa Daura babu abin faɗi. A Kongolam muka yi cike-ciken takardu, muka tsallaka Ɗan Barto, muka kama hanyar Matamaye. A nan na fara lura da abin da ya dame ni. Gilasai a rufe ruf, amma ƙura na shigowa. Farar shaddar ƙanena ta koma ruwan ƙasa a kafaɗar da ke jikin ƙofa, kuma da na ɗan taka mota sai wani siririn fito ya taso ta saman ƙofata, kamar ana busa cikin kara.

A wani shinge wani mai kaki ya ƙara mana zafi. Na yi masa sallama, bai amsa ba. Ya karɓi takardu ya shige rumfarsa, ya bar mu a tsaye cikin iska kusan awa guda, sannan ya fito ya miƙo su ta hannun hagu ba tare da ya dube ni ba. A gida ma ana tsayar da mu, ba na musu, amma ko mai neman na goro yakan amsa sallama tukuna. Abin ya tsaya mini a rai har muka wuce Takeita.

Damagaram ce ta wanke mini zuciya. Mun sauka a unguwar Zango, gidan wani dattijo aminin kawu, tsohon direba da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar arewa. Kafin mu zauna an kawo ruwa, an kawo fura mai kauri, ga kilishi, ga alkaki. Ya dubi gashin girarmu da ya yi fari, ya ce, "'Ya'yana, a buɗaɗɗiyar mota kuka zo?"

Da safe bayan shayi ya ce in buɗe masa ƙofofin. Ya bi robar da ke zagaye da bakin ƙofa da babban yatsa, a hankali, kamar mai duba ƙyalle a kasuwa. Ta sama ta bushe ta yi fari-fari, duk ƙananan tsaga. Ta ƙasa kuwa ta kumbura ta yi laɓo-laɓo, tana barin baƙi a yatsa. Ya ɗauko takarda ya sa a bakin ƙofa, ya rufe, ya ja. Ta zare sulluf, babu abin da ya riƙe ta.

"Ɗana, me ake shafa mata?"

Na ce, "Baba, masu wanki kan goga mata baƙin mai ko basilin don ta yi ƙyalli."

Ya girgiza kai. Ya ce duk man da ya fito daga fetur, ko giris na injin ko basilin, shiga cikin wannan robar yake yi ya kumbura ta, ta saki jiki, daga baya ta ruɓe. Ƙanena, da ya yi karatun kanikanci, ya ce sunan irin robar EPDM, tana jure rana da ruwa shekara da shekaru, amma ba ta ga maciji da man fetur. Maganinta giris ɗin silikon, wanda ba ya ratsa ta, sai dai ya zauna a kanta ya hana ta bushewa da mannewa a jikin fenti.

Muka nufi kasuwar Dole. Mai shagon farko ya ɗauko mana feshin nan na kwance tsatsa, Baba ya ture shi, ya ce shi ma ɗan gidan fetur ne. A shago na uku muka samu ɗan bututu mai rubutun Faransanci. Mai kaya ya ce ɗari huɗu. Na yi mamakin arha, sai Baba ya tuna mini cewa a nan da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa biyar, ɗari huɗu ke nan jika biyu. Aka taya, aka yi albarka, aka daidaita a ɗari uku. In ka juya shi zuwa naira yanzu sai ka ji nauyinsa, don komai a Nijar ya yi wa mai naira tsada, har burodi. Amma ciniki a can babu hayaniya. A Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota ta Kano, da tuni mutum biyar sun kewaye ni, kowa na rantsuwa nasa ne na asali.

A inuwar dogonyaro ya yi aikin, bai bar ni na taɓa ba sai da na kalli ƙofa ɗaya. Ruwan sabulu da tsumma, ya wanke robar har cikin lunguna, ruwan ya fito kamar kunun kanwa. Ya bar ta ta bushe sarai. Sannan ya matso giris ɗin, fari mai garai-garai, kamar ƙwayar wake, ya murza a tsumma mai tsabta ya bi robar. Bayan ɗan lokaci ya sa busasshen tsumma ya goge abin da ya yi saura. Ya ce a ƙasar ƙura wannan gogewar ita ce aikin, don in ka lafta shi da yawa rairayi zai manne ya riƙa cin robar. Ya gargaɗe ni kada ya taɓa gilashi, yana barin dusu-dusu mai wuyar fita, kuma mai fenti ba ya son sa, fenti ba ya kama inda silikon ya zauna. Ya sa tsinke ya buɗe ramukan da ruwa ke fita a ƙasan ƙofa, duk sun toshe da laka. Inda robar direba ta lotsa, ya zura siririn tiyo cikin raminta, ta miƙe. Ya sake gwajin takarda, wannan karon sai da ya ja da ƙarfi.

Ta ƙofar baya ta riga ta yage, ya ce babu man da ke ɗinke yaga, sai sabuwa. Sauran kuwa in yi musu sau biyu a shekara, farkon hunturu da kafin damina. Ya ce Turawa don kada ƙanƙara ta manne ƙofa suke shafawa, mu rana da ƙura ne namu. Na miƙa masa ɗan abin goro, ya ɓata rai sosai, ya ce baƙon amininsa ba ya biyan komai a gidansa. Har guzurin dabino ya sa mana.

Daga nan sai Tanut, sai Aderbisanat, hanya mai tsawo, wani wurin kwalta wani wurin rairayi. Fiton ya ɗauke, ƙura ta baya kaɗai take ɗan leƙowa. A Agadas aka ɗaura aure lafiya, muka je muka ga hasumiyar babban masallaci, ginin laka mai tsayin mita 27, muka sayi cuku. A dawowa mun tsaya Damagaram mun gaida Baba, ya sake bin robar da yatsa ya gyaɗa kai.

Gobe in Allah ya kai mu zan leƙa Ƙofar Ruwa neman ta ƙofar baya.