Gidan Dambe da Yaran da Yake Renowa

A garuruwa da dama na Arewa, idan aka ce yaro ya fara zuwa gidan dambe, iyaye kan ɗauka cewa ya kama hanyar lalacewa. A ganina wannan hukunci ya yi tsauri, domin duk wanda ya taɓa zama a irin waɗannan wurare, kamar filin Ado Bayero da ke Sabon Garin Kano ko gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, ya san cewa akwai wata tarbiyya a cikinsu wadda wasu matasan ba su same ta a ko'ina ba.

Dambe tun asali wasan mahauta ne, waɗanda kan zaga ƙauyuka bayan kaka suna gwada ƙwanji a gaban jama'a. Yanzu ya dawo birni, ya sami katanga da ƙofa da kuɗin shiga, kuma masu sa zare ba lallai ne su gaji fawa ba. Da yawansu 'yan ci-rani ne da suka baro ƙauye ba su da dangi a gari, kuma ga irin wannan yaro gidan dambe shi ne wurin da ya fara samun wanda zai tambaye shi ko ya ci abinci.

Sabon yaro ba ya faɗawa fili haka kawai. Sai ya raɓi wani babban ɗan dambe, ya riƙa ɗaukar masa kaya, yana miƙa masa ruwa, yana kallon yadda ake naɗa ƙyalle a hannu sannan a bi shi da zare har ya yi tauri, kafin wata rana a ce masa ya shiga. Idan ya yi abin kirki sai ya ci sunan ubangidansa, a riƙa kiransa Shagon wane, ko Bahagon wane, ko Autan wane, kuma ya zama ɗan ɗaya daga ɓangarorin da 'yan dambe suka kasu a kai, wato Kudu, ko Arewa, ko Guramaɗa. Daga ranar nan duk abin kunyar da ya aikata a unguwa ba shi kaɗai zai shafa ba, saboda haka akwai idon da ke kansa. Wannan nauyi yana hana matashi abubuwa da yawa waɗanda wa'azi kaɗai bai hana shi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake ƙare wasa. Mutum biyu za su shafe turmi uku suna neman juna da iyakar ƙarfinsu, kalangu na tashi, 'yan kallo na ihu, amma da zarar an yi kisa, wato an kai ɗaya ƙasa, sai wanda ya yi nasara ya dakata, wani lokaci ma shi zai miƙa hannu ya ɗaga abokin karawarsa. Saurayin da ya koyi tsayar da hannunsa a daidai lokacin da jininsa ke tafasa ya koyi abu mai wuya, kuma unguwar da ke fama da faɗan daba ta san darajar hakan.

Jama'ar da ke kewaye ma suna ci daga wurin. Mai shayi da mai tsire da makaɗa da masu kai mutane gida a babur duk suna jiran yammar dambe. A da waƙar Ɗan Anace ce ta kai sunan shahararren ɗan damben nan Shago lungu da saƙo, yanzu kuma tashoshin YouTube irin su Dambe Warriors, wadda ta fara a 2017, sun kai wasan har ƙasashen da ba a jin Hausa.

Sai dai ba zan rufe ido ga ɓarnar ba, domin ita ce ke ba masu suka hujja. Akwai shaye-shaye a gefen wasu filaye, akwai caca, kuma naushi da busasshen zare a kai ba ƙaramin abu ba ne. Ɗan damben da ya suma yau zai iya komawa fili cikin kwanaki kaɗan don kawai ba shi da wata hanyar samun abinci. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne tsofaffin 'yan dambe, waɗanda aka yi wa liƙi lokacin da tauraruwarsu ke haskawa, amma da ƙarfi ya ƙare suka koma gida ba jari ba sana'a, ga ciwo a jiki.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna cewa hukuma za ta iya ɗaukar wasan gargajiya da muhimmanci, domin tun 1975 ake shirya gasar kokawa ta ƙasa inda jihohi ke fafatawa a kan takobi. Abin da nake fata ga dambe bai ma kai wannan girma ba. A ajiye ma'aikacin lafiya a bakin kowane fili, a tilasta wa wanda aka sumar hutu kafin ya sake sa zare, sannan masu gidajen su ware wani kaso na kuɗin ƙofa domin jinyar waɗanda suka ji rauni da kuma jarin waɗanda suka ajiye wasa.