Darussan shiga DMR: kada ka zuba saitin wani a oba-obanka

Mai lasisin rediyon sha'awa da ya saba da FM yana shigowa DMR, tsarin aika murya ta dijital, da tunanin cewa ya saita mita ya danna ya yi magana. A nan mita ɗaya ce kawai cikin abubuwa huɗu da dole su dace: mita, lambar launi (lambar da ke bambanta tashoshi masu mita ɗaya) daga 0 zuwa 15, gurbin lokaci na 1 ko na 2, da zauren hirar da kake nufi, wato rukunin masu magana mai lambarsa. Ɗaya ya kuskure, oba-oba zai kunna fitilar karɓar sigina, kai kuwa ba za ka ji ko tari ba. Dalili shi ne tsarin da ETSI, hukumar ƙa'idojin sadarwa ta Turai, ta fitar a 2005 yana raba layi mai faɗin 12.5 kHz gida biyu, kowane gurbi yana ɗaukar milisakan 30 bi da bi, hira biyu a mita guda. Don kamfanoni aka ƙera shi, inda injiniya ke saita komai a kwamfuta ya miƙa wa ma'aikaci, shi ya sa ba ya yi wa sabon shiga sauƙi.

Kuskuren da ya fi kowanne ciwo daga nan yake tasowa. Sabon shiga ya sayi Anytone AT-D878UV ko TYT MD-UV380, ya buɗe manhajar saiti, kansa ya ɗaure, sai wani babba a harkar ya turo masa fayil ɗin saitinsa ya ce zuba kawai. Ya zuba, bai fara karanto abin da ke cikin na'urarsa ya adana ba, bai kuma duba gurbin lambar rediyo ba. Fayil ɗin nan yana ɗauke da lambar DMR ta mai shi, lamba bakwai da shafin rajista na RadioID ke bayarwa bayan an nuna lasisi, ukun farko na ƙasa ne: 621 Najeriya, 614 Nijar, 620 Ghana. Daga lokacin duk abin da ya faɗa da sunan wani yake fita. Allon BrandMeister, cibiyar da ke haɗa masu DMR ta intanet, zai nuna alamar kiran mai fayil ɗin, wato sunansa na lasisi, kuma kiran kai-tsaye da aka yi wa wancan zai bi inda aka ji lambar a ƙarshe, wato wurin sabon shiga. Idan a zaure na 91, na duniya baki ɗaya, abin ya faru, duniya ce ta gani. Abin takaicin, wanda ya ba da fayil ɗin ba tare da bayani ba shi ne kan fara ɗaga murya cewa yara ba su san doka ba. Minti goma na zama da yaron ya isa ya hana wannan, amma an fi son a riƙe ilimin a riƙa rabon fayil.

Barnar ba ta tsaya a lamba ba. Fayil da aka rubuta da wani zubin manhaja daban da na cikin na'urarka yana iya ƙin shiga, ko ya shiga ya bar saituna a hargitse. Sau da yawa kuma akwai mitocin wata ƙasa a ciki. Na Amurka yana kaiwa 148 MHz da 450 MHz, alhali a yanki na 1, inda Afirka take, iyakarmu 144 zuwa 146 da 430 zuwa 440.

Gyaran shi ne ka gina naka da hannunka, ko da tasha uku ce. Karanto na'urar tukuna, ka adana da kwanan wata. Sa lambarka da alamar kiranka. Rubuta zaurukan hira a jerin lambobin kira, ka lura wanne kiran rukuni ne wanne na kai-tsaye. Sannan tasha: mitar karɓa, mitar aikawa, launi, gurbi, zaure. A ƙarshe ka sa tashar cikin shiyya, wato rukunin tashoshi a na'urar, domin tashar da ba ta cikin shiyya ba za ta fito a allo ba, kuma wannan kaɗai ya cinye wa mutane da yawa dare. Gwajin farko a 9990 ake yi da kiran kai-tsaye, aku ne, zai maimaita maka muryarka. Sai ka ji kanka garau kafin ka shiga cikin mutane.

Inda babu tashar maimaita sigina kusa, hotsifot ne mafita, ƙaramar na'ura da ke haɗa oba-obanka da intanet: allon rediyo na MMDVM a kan ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi da manhajar Pi-Star, ƙarfinsa wajen miliwat 10. Mitar karɓa da ta aikawa ɗaya ce a mai layi guda, yawanci a gurbi na 2. Ka guji 435 zuwa 438 MHz, wurin tauraron ɗan adam ne. Idan murya tana gutsurewa, duba BER, ma'aunin kuskuren sigina, a shafin Pi-Star. Ya haura kashi 1 cikin 100, ka riƙa motsa RXOffset, saitin gyaran mitar karɓa, da 100 Hz har ya sauko, domin agogon allunan masu araha ba ya zama daidai. Sai ka sa kalmar sirrin hotsifot a shafinka na BrandMeister, in ba haka ba ba zai haɗu ba. Raspberry Pi Zero W ba ya ganin wifi na 5 GHz. Caja mai rauni tana sa shi mutuwa yana tashi, a ba shi volt 5 mai ƙarfi, inda ake yawan ɗauke wuta kuma a haɗa shi da batir.

Sauran gajeru ne. Wat 1 ya isa a cikin ɗaki. Danna, ka jira daƙiƙa ɗaya kafin ka yi magana, ka bar daƙiƙa uku tsakanin juyi. Kira 4000 yana fitar da kai daga zaure. DMR da D-STAR na Icom da C4FM na Yaesu ba sa jin juna kai-tsaye, don haka ka tambayi abin da mutanen yankinka ke amfani da shi kafin ka biya kuɗin na'ura.